Gonar da Waya Ta Ce Ta Ƙoshi

Ranar Litinin da safe, Sufeto bai ma gama rataye hularsa ba sai ga wata dattijuwa ta faɗo caji ofis, tsohuwar waya a hannu ɗaya, ganyen albasa a ɗayan. Kofur yana ta "Mama, tsaya a kanta," ina, ta riga ta wuce shi ta dire ganyen a kan teburin Sufeto.

"Ƙarar sata na kawo, ranka ya daɗe. An sace min ruwa."

Shekara ashirin da biyu Sufeto yana wannan aiki. An kawo masa ƙarar satar akuya da ta babur, har da ta ƙofar banɗaki, amma ruwa dai yau ya fara ji. Ya so ya yi dariya. Da ya ɗauki ganyen ya ji yadda ya yi laushi, bakin ganyen ya ƙone ya zama ruwan ƙasa, sai dariyar ta koma. Shi ma ɗan manomi ne, ya san abin da yake riƙe da shi.

Mai Albasa ake ce mata, kuma ba ta iya magana a hankali ba. A cikin faɗa da rantse-rantse Sufeto ya tsinci labarin. Su arba'in ne a ƙungiyar manoman rani, famfo ɗaya suke sha. Bara ƙungiya ta kawo wasu na'urori da manoma ke kira sandar danshi. Ana soke sanda ɗaya a kowace gona, ita ke jin ƙasa ta aika labari ofis. In ta ce ƙasa ta bushe, ƙofar ruwan gonar sai ta buɗe da kanta. In ta ce da danshi, ko kuka mutum zai yi ba za ta buɗe ba.

Ta miƙa masa wayar. Saƙo iri ɗaya ne a jere, kwana goma sha biyu: "Gona ta 17: danshi ya isa. Ba a buƙatar ban ruwa yau."

"A kwanakin nan duka ba ki samu ruwa ba ko sau ɗaya?"

"Sau ɗaya. Talatar da ta wuce, da la'asar. Tun daga nan ko ɗigo."

Ta je wurin shugaban ƙungiya, an ce ya yi tafiya da makullin buɗewa da hannu, sai taron ranar Asabar. Albasar kuwa ta fara ƙulla kai, in ta ƙara kwana biyu a haka shi ke nan. Gonar nan ita ce abincinta na shekara, ita da jikoki uku da take riƙo tun rasuwar ɗanta. Da ta zo nan muryarta ta sauka, kuma wannan ya fi faɗan taɓa Sufeto.

Ya sauko da hular da ya rataye, ya ce Kofur ya kawo mota.

Gona ta goma sha bakwai ba ta buƙatar a nuna ta. Gonakin hagu da dama kore shar, ita kaɗai ta yi fari, ƙasa ta tsattsage har mutum zai iya zura yatsa. A tsakiyar kunya ga wani tsoho da baƙin tabarau, ya sunkuya yana zuba ruwa daga jarka a gindin albasa, kaɗan-kaɗan, ko ɗigo ba ya zuba a banza.

Mai Albasa ta ce wannan shi ne Baba mai rabon ruwa. Kafin zuwan sanduna, shekara talatin shi ke zagaya gonaki yana buɗe ƙofofi da hannu. Tun da albasar ta fara laushi, kullum sai ya ɗebo mata jarka shida ko bakwai daga rijiyar bakin hanya, ba tare da ta roƙe shi ba. Ta sa masa albarka har sau uku.

Sufeto ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ko ya ga wani yana taɓa sandar.

"Ni da waɗannan sanduna ko gaisuwa ba ma yi, Yallaɓai. Ban san kansu ba, ban san gindinsu ba. Na dai faɗa musu tun farko, ƙarfe ba ya sanin ƙishin ƙasa."

"Idon fa, Baba?"

"Rana ce take damuna. Tsufa."

Sandar tana tsaye a wurinta, da lamba 17 ɗaure a wuyanta. Sufeto ya kama ya zare ta, sai ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Kofur ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin. Babu batir a ciki, sai tsatsa da tururuwa da suka yi gida. Wayar da aka ɗaure lambar da ita kuwa sabuwa ce fil, tana ƙyalli.

Kofur ya sosa ƙeya ya ce to in wannan gawa ce, wa ke aiko wa Mama saƙo kullum? Sufeto ya ce tambayar da ta fi kowace kyau ke nan da ya yi tun farkon shekara, ya riƙe ta da kyau kada ta ɓace.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne a jikin gidan famfo: tebur, kwamfuta, fanka mai kukan tsufa, da taswirar gonaki a bango. Injiniyar da ke kula da sandunan matashiya ce, kuma da ganin idonta kwana biyu ba ta samu sukuni ba. Rabin manoma na cewa ita ke murɗa kwamfuta ta ba wanda take so ruwa. Ranar Asabar za a kaɗa ƙuri'a a kan ko a tumɓuke sandunan a koma yadda ake da.

Da Sufeto ya ajiye mata matacciyar sandar, sai ta dafe kai. Ta ce ranar Alhamis ta je gonar, ta hango sanda a tsaye daga bakin kunya, ta duba allon hannunta ta ga danshi, sai ta ce wa Mama ƙasan ciki a jiƙe yake, ta yi haƙuri. Ko sunkuyawa ba ta yi ta taɓa ƙasar ba. Ta faɗi haka da bakinta, kunya kamar ta nutse.

"Bar wannan tukuna," in ji Sufeto. "Ta ainihin tana ina?"

"Tana raye, tana aiko da saƙo. Amma irin masu araha ne, ba sa faɗin inda suke. Duk inda take dai ba ta wuce kilomita biyu daga nan ba."

"Me ya sa ɓarawon bai jefa ta a rijiya ya huta ba?"

"In sanda ta yi shiru awa uku, kwamfuta za ta yi ƙara. Wanda ya yi wannan ya san haka. Ranar da muka koyar da manoma na faɗa."

Ita kuwa matacciyar, daga kwalin lalatattu aka ɗauke ta, a ɗakin famfo. Sabuwa babu, kuma kafin kamfani ya haɗa ƙofar gona ta 17 da wata sanda sai an yi mako. Kofur ya ce a fasa kwaɗon ƙofar ruwan mana, a buɗe da hannu. Sufeto ya ce shi ɗan sanda ne, fasa kwaɗon mutane ba ya cikin aikinsa, amma nemo sanda yana ciki.

Ya sa ta buɗe masa tarihin sandar. Wani layi ne mai hawa da sauka kamar haƙoran zarto. Injiniya ta bi shi da yatsa, sai ta tsaya. Kullum danshi yana tashi tsaye da ƙarfe shida da minti goma na safe. Ba shida da biyar ba, ba shida da kwata ba. Daga nan ya yi ta sauka da sauri har yamma, saurin da ƙasar gona ba ta yi, sai dai ƙasar da ke cikin tukunya ko ganga.

"Wato wani yana shayar da ita kamar jinjiri," in ji Sufeto. "Nuna min Talata."

Ranar Talata layin bai tashi ba. Ya yi ta gangara har la'asar, ƙofa ta buɗe, Mai Albasa ta samu ruwanta. Laraba da shida da minti goma ya sake tashi.

Sufeto ya rubuta a littafinsa: wa ba ya gida Talata da safe? Sannan ya tambayi wa ke cin ribar ruwan da gona ta 17 ba ta sha ba. Injiniya ta nuna gona ta 18 a taswira, wadda ke shan bututu ɗaya da ita. Ta wani ce da ake kira Dogo.

Sun same shi a ƙofar gida, zaune a bayan tsohuwar akori-kurarsa yana sakace haƙori. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa. Ranar Talata? Yana gonarsa tun safe har faɗuwar rana, kowa ya gan shi.

Matarsa tana shanya daga cikin zaure, ta leƙo.

"Wace Talatar? Ba ranar ce ka tafi birni ba, ka dawo da abin nan da ka tura ƙarƙashin gado?"

Dogo ya yi mata wani kallo, amma magana ta riga ta fita. Abin da ke ƙarƙashin gado ƙaramin injin jan ruwa ne, wanda dokar ƙungiya ta hana. Ya rantse ko tayar da shi bai yi ba tukuna, tsoron tara ne ya sa ya yi ƙarya. Kofur har ya fara laluben ankwa. Ga riba, ga ƙarya, ga rashin zama gida ranar Talata, me ya rage?

Sufeto ya ɗaga masa hannu, ya juya wurin matar.

"Maigidan naki ƙarfe nawa yake tashi?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce wannan? In ya ga ƙarfe tara da idonsa to ranar an yi sa'a. Shekara goma sha huɗu suna tare, sau ɗaya ta ga ya fita kafin shida, ita ce Talatar nan, shi ma don Baba mai rabon ruwa ya zo ya yi ta buga ƙofa ne tun ƙarfe biyar. Dogo ne ya rage masa hanya zuwa asibitin ido, aka cire wa Baba yanar ido, suka dawo da yamma.

"Ai shi Baba ba a haɗa shi da kowa," ta ƙara da cewa. "Lokacin da yake rabo, da ƙarar ƙofar farko muke gyara agogonmu. Shida da minti goma, ko ana ruwa ko ana iska."

Sufeto ya rufe littafinsa a hankali. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya so a ce Dogo ne, don Dogo irin mutumin da ake kamawa ne a je gida a ci abinci hankali kwance. Ya tuna tsohon nan sunkuye da jarka, da kuma yadda ya ce rana ce ke damun idonsa.

A mota Kofur ya ce su wuce gidan tsohon yanzu. Sufeto ya ce a'a. In suka je da rana tsaka suka yi sallama, kafin a buɗe ƙofa sandar ta faɗa masai, albasar kuma ta tafi ke nan. Mutum mai irin wannan ɗabi'a ba sai an neme shi ba, shi zai kawo kansa a kan lokaci.

Washegari shida saura kwata suna tsaye a bayan katangar gidan Baba, Sufeto da Kofur da Injiniya riƙe da allonta. Gari ya waye, masu kai kaya kasuwa sun fara wucewa. Layin da ke kan allo yana kwance.

Shida da biyar suka ji an buɗe ƙofar ɗaki. Suka ji tari, da ƙarar bokiti.

Shida da goma daidai suka ji zubar ruwa a bayan katanga. Injiniya ta juya allon wurin Sufeto. Layin ya miƙe tsaye.

Sufeto ya yi sallama ya tura ƙofa.

Baba yana tsaye a kan rabin ganga cike da ƙasa, butar ban ruwa a hannunsa. Sandar danshi tana soke a tsakiya, ƙaramar fitilarta tana ƙiftawa. Kewaye da ita kuwa ga barkono guda biyar, an dasa su a jere da tazara daidai, sun kama ƙasa sun yi kyau.

Tsohon bai firgita ba. Ya ƙarasa zuba ruwan da ya rage, ya kife butar, sannan ya zauna a kan turmi ya cire tabarau. Idon da aka yi wa aiki ya yi ja.

"Barkonon na mene ne, Baba?" in ji Sufeto.

"Kwana biyu na farko ƙasa zalla nake zuba wa. Na kasa, Yallaɓai. Ban taɓa zubar da ruwa a inda ba shuka ba."

Daga nan bai ɓoye komai ba. Tsohon makullin ɗakin famfo biyu ne, ɗaya ya mayar wa ƙungiya. Ranar koyarwa yana zaune a baya, ana tsammanin gyangyaɗi yake yi, alhali ba kalmar da ta wuce shi. Shekara talatin ya san gonakin nan arba'in kamar 'ya'yansa, ya san wadda ke riƙe ruwa da wadda ke zubarwa. Rana ɗaya aka kira shi gaban taro, aka ba shi agogon bango, aka tafa masa. Ba wanda ya tambaye shi ko a ina ya kamata a soke sanda ɗaya. Sai ya ga in gona guda ta bushe a gaban kowa, ranar Asabar za a ce a dawo da Baba.

"Me ya sa gonarta?"

"Ta fi kowa baki. Na ɗauka kwana uku za ta tayar da garin nan, a kira taron gaggawa, a buɗe mata. Ban san shugaba zai yi tafiya da makulli ba. Da na ga albasar ta fara kwanciya na so in mayar, sai na ji kunyar a gan ni. Shi ne na koma ɗibar jarka."

Sannan ya ce shi da ya yi shekara talatin ba a taɓa cewa ya hana wani ruwansa ba, yau ga shi ya hana marayu. Hawaye ya zubo daga idon mai lafiya.

Kofur ya fito da ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ya ce Baba zai shiga mota da ƙafarsa. Tausayi dai tausayi ne, amma laifi an yi shi, kuma sai an je gaban alƙali.

Suka biya ta gona ta 17, don sandar ta fi kowa gaggawa. Mai Albasa tana can tun da sassafe. Da ta ga Baba a bayan motar 'yan sanda, ta ga sanda a hannun Injiniya, ba ta buƙaci bayani ba.

Injiniya ta goge sandar ta nufi tsohon ramin. Sai murya ta fito daga tagar mota.

"Ba nan ba, 'yata. Nan kwari ne, yana riƙe danshi ya ruɗe ki. Ƙara taku goma wajen gabas, inda ƙasa ta yi ja. Can ne ke fara bushewa."

Ta tsaya ta dube shi. Sannan ta ƙirga taku goma, ta durƙusa, ta damƙi ƙasar da hannunta ta murza, ta soke sandar.

Minti huɗu suka yi suna jira, kamar shekara. Sai ƙofar ruwa ta yi ƙas, bututu ya yi tari, ruwa ya fito yana bin kunya. Wayar Mai Albasa ta yi ƙara. Ta miƙa wa Kofur ya karanta mata: "Gona ta 17: ƙasa ta bushe. An buɗe ruwa."

"Yau dai ta faɗi gaskiya," ta ce, tana share ido da bakin mayafi.

Baba ya sake magana, ya ce a rage ƙarfin ruwan zuwa rabi na awa ɗaya, busasshiyar ƙasa in aka sake mata ruwa gaba ɗaya sai ya kwashe saiwa. In aka yi haka, kashi uku cikin huɗu na albasar za su tashi. Injiniya ta danna allonta, ruwan ya lafa. Ta zo jikin mota ta ce masa saura gonaki talatin da tara, kuma duk inda shari'a ta ajiye shi za ta zo da taswira da biro ya nuna mata inda za a soke kowace sanda, in zai yarda. Tsohon ya kasa ɗaga kai, ya dai gyaɗa shi.

Mai Albasa ta matso. Kofur ya gyara tsayuwa, yana jiran tsawa.

"Kai ka hana ni ruwa, kai kuma ka ɗebo min jarka hamsin da ido ɗaya," ta ce. "Na rasa wanne zan faɗa wa alƙali. Duka biyun zan faɗa."

Sufeto ya shiga gaba, ya ce Kofur ya tayar da mota. Har za su fara tafiya Baba ya taɓa kafaɗarsa, ya ce a yi masa haƙuri, akwai barkono biyar a gida, ba mai ba su ruwa. Mai Albasa ta ji. Ta yi tsaki mai tsawo, ta gyara ɗaurin zaninta, ta leƙo ta taga.

"Ƙarfe nawa kake ba su?"

"Shida da minti goma," in ji Baba.